Gideon Ya Dawo da Akwati Biyu

Duk wanda ya daɗe a Makera, in ka tambaye shi labarin Gideon ɗan Baba Filibus, sai ya yi dariya kafin ya ba ka amsa. Ba don yaron ya taɓa yin wani mugun abu ba. Zama wuri ɗaya ne kawai Allah bai hore masa ba.

Da ya gama sakandare, mahaifiyarsa Mama Larai ta kai shi koyon ɗinki a Kakuri. Wata huɗu ya yi ya ce keken na sa masa ciwon baya. Ya koma faci a bakin titin Trikania, daga nan ya zama kwandastan bas, yana rataye a ƙofa yana kiran Sabo da Kasuwa har muryarsa ta dushe. Ya taɓa gyaran waya, ya taɓa sayar da katin waya. A ƙarshe ya faɗa wurin wani mai walda, inda ya yi shekara ɗaya da rabi, har mutane suka fara cewa ko dai an yi masa addu'a ne. Ko a coci ba ya iya zama a kan benci. Shi ne mai jera kujeru, shi ne mai tayar da janareta, shi ne mai leƙa waje ya ga ko hadari ya haɗu.

Mahaifinsa mutumin wajen Zonkwa ne. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi shekara ashirin da biyu a masaƙa har ranar da aka rufe ta. Mutum ne da ya saba tsayawa gaban inji ɗaya tun safe har yamma, saboda haka halin ɗansa ya fi ƙarfin fahimtarsa. Yakan dube shi ya girgiza kai ya ce, "Ni dai ban san wa ka biyo ba."

A damanar 2015 Baba Filibus ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo daga asibiti hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace. Wata uku yana kwance a ɗaki yana kallon rufi, kuma abin da ya fi cin ransa shi ne jin ƙararrawar coci ranar Lahadi alhali ba shi da halin zuwa. Gideon bai iya zaman jinya ba, ko ya gwada sai ya miƙe. Amma wata ranar Juma'a ya ɗauki farar kujerar roba ta gidansu, ya tafi wurin 'yan gwangwan ya samo tsofaffin ƙafafun keke biyu da guntayen bututun ƙarfe, ya shige shagon walda. Ranar Lahadi da safe sai ga shi yana turo mahaifinsa a kan titi, cikin farar riga da hula, kujerar na ƙara ƙiƙi-ƙiƙi, tana jan hagu kamar mai fushi da hanya. Matan zumunta suka yi ta guɗa tun daga bakin ƙofar coci.

Kafin sati ya zagayo mutum uku sun yi sallama a gidansu. Wata tana da ɗiya da shan inna ta kama, wani yayansa ya yi haɗari a babur. Gideon ya tara abokansa huɗu, suka mai da Asabar ranar aikin keken guragu. Su ne yawon neman tsofaffin kekuna a Romi da Trikania, har su haye gada zuwa Panteka. Ba sa karɓar ko sisi. Cikin shekara uku sun ƙera guda arba'in da uku, kuma wannan ne aikin farko da Gideon ya riƙe bai yar ba, wataƙila don kowane keke da sabon gidan da zai kai shi.

Ta nan ne labarinsa ya isa kunnen Madam Irene. Ita ce ke riƙe da ofishin wata ƙaramar ƙungiya a Barnawa, wadda ke da yarjejeniyar musayar matasa da wata ƙungiya a Jamus. Kowace shekara sukan zaɓi matasa biyu da ke yi wa unguwanninsu wani aiki, a tura su can su yi shekara ɗaya suna aikin sa-kai, su koyo abin da za su koyo, su dawo. Shekara shida ana yi, mutum goma sha biyu sun je, duk sun dawo, kuma Madam Irene ba ta gajiya da faɗin haka. Ta zo da kanta har shagon walda, ta tsaya nesa da tartsatsi, ta miƙa masa fom.

Mutum tamanin suka nema a 2018. Aka ɗauki Gideon, aka ɗauki wata yarinya daga Romi mai suna Becky.

Becky malamar nazare ce, kuma da yamma takan tara 'ya'yan gwauraye a barandar gidansu ta koya musu karatu kyauta. Ita kaɗai ce ɗiyar Mama Asabe, wata gwauruwa mai sayar da hatsi a kasuwar Romi. Shekararta ashirin da huɗu, ba ta taɓa wuce Jos ba. In tana magana sai ka matso kafin ka ji, in an yi waƙa a coci tana layin baya. A ranar da aka tara su da iyayensu don bayani, Madam Irene ta ɗaga takardar yarjejeniya ta ce, "Wannan ƙofa ba ta mutum biyu ba ce. Duk wanda ya shiga ya ƙi fitowa, ya rufe ta a kan na bayansa." Tana faɗi idonta na kan Gideon, ko sau ɗaya ba ta dubi Becky ba. Shi ma ya lura, ya yi ta kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

A Makera ma haka kowa ya ɗauka. Abokansa suka ce ai shi ke nan, sai dai a ga hotonsa a waya. Ran da zai tafi, Mama Larai ta riƙe hannunsa a bakin mota ta ce, "Ban ce ka zauna ba, don na san ba ka iyawa. Amma ka juyo. Ka ga halin da babanka ke ciki."

Aka kai shi wani ƙaramin gari, aka haɗa shi da wata cibiyar naƙasassu mai wurin gyaran kekunansu. Shugaban wurin wani dattijo ne mai ƙafar roba, ba ya dariya sai dalili ya yi ƙarfi. Sunansa ya yi wa Gideon nauyi a baki, sai ya riƙa kiransa Oga, shi kuma ya amsa. Gideon ya zo da zumuɗin nuna gwanintar walda, amma wata guda cur Oga bai bar shi ya taɓa wuta ba. Ya ba shi tef ɗin awo da fensir, ya ce ya auna. Ya auna faɗin ƙugun mutum, ya auna daga gwiwa zuwa dunduniya, ya rubuta, ya sake aunawa. In ya kuskure da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba, Oga ya tura masa takardar ya ce a sake.

Abin ya ishe shi. Ga sanyi, ga rana da ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu, ga Lahadi da ake rufe ko'ina, titi tsit kamar an yi dokar hana fita. Yakan sa rigar sanyi ya yi ta tafiya, ya bi titin nan ya ɓulla wancan, ya kai ƙarshen gari inda gonaki suka fara, ya juyo. Ba mai kiran sunansa, ba mai tambayarsa ina za shi. A wata na biyu ya bugo wa Madam Irene waya ya ce a mai da shi gida. Ta ce ya yi wa Allah ya rufa mata asiri.

Becky ce ta riƙe shi. Ita an kai ta wata makarantar yara ƙanana a wani gari, tafiyar minti arba'in a jirgin ƙasa. Duk Lahadi bayan sujada yakan je, ta tuƙa musu tuwon semo da miyar kukar da ta ƙullo daga gida, suna ci tana tsokanarsa. "Yaya Gideon, kai da aka ce za ka gudu, ashe gida za ka gudu?" Ita kuwa kamar an dasa ta a ƙasar da ta dace da ita. Kafin Kirsimeti ta fara jin Jamusanci, kafin Ista tana musu da shi. Ta koyi hawan keke. Muryarta ma ta buɗe, har takan yi dariya mutane su waiwayo.

Abin da ya sauya wa Gideon zama ya faru ne a wata na huɗu. Oga ya ce ya nuna masa irin aikin da yake yi a gida. Ya ciro waya da alfahari yana nuna masa hotuna ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya daɗe yana kallo. Ya yaba waldar, ya yaba dabarar ƙafafun keke. Sannan ya sa yatsa a kan mazaunin roba ya ce, "Wannan mutumin awa nawa yake yi a kai kullum?"

"Yini yake."

"Yana jin ƙafafunsa?"

"A'a, tun daga ƙugu ba ya jin komai."

Oga ya tashi ya ɗauko wani littafi ya buɗe masa. Hotunan gyambo ne, irin wanda ke fitowa a mazaunin mutumin da ya daɗe zaune a kan abu mai tauri bai ji zafin da zai sa ya motsa ba. Ya yi masa bayani a hankali, cewa gyambon kan ci har ƙashi, ya shiga jini, kuma ya kashe mutane da yawa waɗanda haɗarin da ya karya su bai kashe ba.

Nan take Gideon ya tuna da wani mutum. Akwai wani direban tifa a Trikania da suka kai wa keke na goma sha ɗaya. Mutumin ya yi murna har da hawaye, ya koma zama a bakin shagon ƙaninsa daga safe har magariba. Bayan wata bakwai ya rasu, aka ce wani ciwo ne ya fito masa a baya ya ƙi warkewa. Gideon ya je jana'iza, ya ma taya ɗaukar akwatin gawa, kuma bai taɓa haɗa wannan da wancan ba sai ranar.

Ya fita waje ba rigar sanyi, ya zagaya ginin sau uku. Da ya dawo ya tambayi Oga ko shi ya kashe mutumin. Oga ya ce ba wanda zai iya sanin wannan daga nan, amma sauran arba'in da biyun suna nan a zaune. A ranar ya kira abokansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce su nemi soson katifa su bi gida-gida. Suka ce to. Ya san halinsu, ya san wasu gidajen ma shi kaɗai ya san hanyarsu.

Daga nan ya zama wani mutum a wurin aiki. Ya riga kowa zuwa, ya cika littafi uku da zane da awo, ya takura wa Oga da tambaya kan yadda za a yanka kushin da abin da ake samu a Kaduna. Rashin zaman bai bar shi ba, sai dai yanzu ya sami alƙibla. Yana ƙirga watanni a kalandar bango, yana ganin ba sa tafiya.

Saura kwana goma su dawo, ranar wata Lahadi da rana, Becky ta raka shi tasha. Suka zauna a kan benci suna jiran jirgi. Ta daɗe tana murza tikitinsa a hannunta kafin ta ce, "Yaya Gideon, ni fa ba zan koma ba."

Ya yi dariya. Da ya ga fuskarta sai ya daina.

Ta ce ta nemi a bar ta ta shiga koyon aikin jinya, aka ce ƙa'ida ita ce ta koma gida tukuna ta nema daga can. "Kai ma ka san in na koma ba mai sake ba ni biza. Zan koma nazare, in yi ta jira. Ka san tun da aka fara shigowa bayan Romi ana ɗaukar mutane, ni da Mama da takalmi a kusa muke kwana? A nan na san mutum na iya tafiya shi kaɗai ba ya waiwaye." Ta ce akwai wata 'yar garinsu a wata ƙasa ta maƙwabta da ta ce ta zo.

"Mama fa?"

"Don ita zan zauna. Me zan yi mata a can?"

"Yaran da kike koya wa karatu fa? Waɗanda za su zo bayanmu fa? Kin ji abin da Madam ta ce."

Hawaye na zubo mata, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Can ta ce, "Ka zo mu tafi tare. Da hannunka ba za ka rasa aiki ba."

Ya miƙe ya je ƙarshen dandamalin ya dawo. Ba zai ce zuciyarsa ba ta motsa ba. Sabuwar ƙasa, sabon gari, ba wanda ya san shi, irin abin da ya yi ta bi ke nan tun yana yaro. Amma da ya rufe ido sai fararen kujerun nan yake gani. Ya ce mata shi kam gida za shi. Ta ce to ta roƙe shi abu ɗaya, kada ya gaya wa kowa. Jirgi ya iso, ya shiga bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kwana goman nan bai san yadda ya yi su ba. Sau biyu yana zuwa ƙofar ofishin ma'aikaciyar da ke kula da su, sau biyu yana juyawa. Yana gaya wa kansa ai za ta sake tunani, Becky ce fa. Ranar tafiya da safe, a filin jirgi, sai ga matar gidan da Becky ta zauna ta iso ita kaɗai tana jan akwati, idonta jawur. Ta ce tun jiya da rana yarinyar ta fita ba ta dawo ba, ta bar akwatin a ɗaure da takarda a kai, an rubuta a ba Gideon ya kai wa mahaifiyarta. Ma'aikaciyar, wadda ta rako shi, ta juyo ta tambaye shi ko ya san wani abu. Ya ce ya sani. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya faɗa mata gaskiya.

Haka ya sauka Abuja da akwati biyu. Madam Irene na jiransa, labari ya riga shi isowa. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Sai da motarsu ta wuce garin Tafa a hanyar Kaduna ta buɗe baki ta ce, "Kwana goma, Gideon. Da ka yi mini waya ɗaya, da na sa uwarta ta yi mata magana." Ya ce ya yi tsammanin za ta fasa. Ta ce, "Ni kuma na yi tsammanin kai ne za ka ba ni kunya. Ka ga dukanmu ba mu iya tsammani ba." Ta ƙara da cewa ba ta iya gaya wa Mama Asabe a waya ba, tare za su je.

Sun isa Romi da la'asar. An share ƙofar gida, an jera kujeru, matan zumunta sun zo da anko, ƙamshin shinkafa ya cika layin. Yaran da Becky ke koyarwa sun rubuta barka da dawowa a jikin kwali. Da Gideon ya fito da akwatin aka fara guɗa. Mama Asabe ta taho da sauri tana gyara ɗaurin zane, ta wuce shi, ta leƙa cikin motar. Ta zagaya ɗaya gefen ta sake leƙawa. Sannan ta juyo.

"Ina take?"

Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, lafiyarta ƙalau. Amma ba ta zo ba."

Guɗar ta mutu. Aka shiga da ita ɗaki, Madam Irene ta yi bayani, shi yana tsugune a bakin ƙofa. Mama Asabe ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta sa aka buɗe akwatin. Rigunan sanyi ne, da takalma masu laushi, da man shafawa na ciwon gwiwa, sai tarin littattafan rubutu da fensir mai launi da aka ɗaure da sunan kowane yaro. Ta ɗaga takalmin ta duba ta ajiye. Ta dubi Gideon ta ce, "Kai da ba ka zama, kai ka dawo. Ita da ko aikenta na yi sai ta waiwayo sau uku, ita ka baro mini a can."

Bayan sati uku takarda ta zo daga Jamus, an dakatar da shirin sai abin da hali ya yi. Wannan ya faɗa a kan mutanen da aka riga aka zaɓa na shekara mai zuwa. Ɗaya daga cikinsu Zakariyya'u ne, wani matashi da ke horar da ƙungiyar ƙwallon kurame a Makera, wanda ya riga ya yi fasfo, ya fara zuwa ajin Jamusanci. Da can suna gaisawa da Gideon har su tsaya hira. Yanzu in ya hango shi sai ya tsallaka titi. Sauran 'yan unguwa kuwa dariya suke yi masa ta wani ɓangaren. Suka sa masa suna Ɗan Jamus. Wai mace ta fi shi wayo, shi ya je Turai ya dawo da tef ɗin tela.

Bai tsaya amsa kowa ba. Kwana biyu da dawowa ya ari babur ya fara bin gidaje, da soso a ɗaure a baya. Cikin arba'in da biyun, talatin da ɗaya ya samu. Wasu sun tashi, wasu sun koma ƙauye, uku sun rasu, kuma bai iya hana kansa tambayar me ya kashe su ba. Mutum shida ya tarar da gyambo ya fara, ya matsa wa danginsu har aka kai su asibiti. Ya kwance kekunan ɗaya bayan ɗaya ya sake ƙera su bisa awon mai su. Na mahaifinsa ya fara yi. Baba Filibus ya zauna a kai, ya motsa kafaɗa, ya ce da karkataccen bakinsa, "Wannan kam aikin ma'aikaci ne." Ya yi shekara biyu yana hawansa kafin ya rasu.

Mama Asabe kuwa ta mai da rumfar da ya kafa a Makera wurin zuwa. Duk Talata takan rufe hatsinta ta hau Napep ta zo ta zauna a kan benci, ta tambaye shi ko ya ji wani abu. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma sake masa fuska ba. Wata biyar wayar Becky a kashe. Shi kuma ya rasa inda zai sa kansa in ta zo, sai ya yi ta kai da kawo yana neman sifanar da ke hannunsa. Da ya rasa abin faɗi sai ya fara ba ta labarin can, yadda Becky ta koyi keke ta faɗa cikin furannin mutane, yadda yaran Turawa ke rububin taɓa kitsonta. Ranar ce ta fara yin murmushi. A watan Janairu Becky ta kira. Tana wani babban birni, tana aikin share gidaje, ba ta da takardu, amma tana lafiya. Mama Asabe ta zo ta gaya masa a tsaye, ta juya ta tafi. Talata mai zuwa kuma sai ga ta, wai ta saba.

Gideon bai bar maganar shirin ta kwanta ba. Ya dami Madam Irene, ya rubuta wa mutanen Jamus wasiƙa ta fi goma, kowace da hotunan kekunan da ya gyara. Korona ta zo ta tsayar da komai. Oga ya aiko masa da kayan aiki a kwali, da 'yar takarda mai layi biyu. Sai a 2023 aka sake buɗewa, mutum ɗaya a shekara maimakon biyu. Ranar da ya ji, da gudu ya tafi filin da Zakariyya'u ke horar da 'yan wasansa. Zakariyya'u ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Iyakarsu shekara ashirin da takwas. Ni na cika talatin a watan jiya."

Gideon ya roƙe shi ya yafe masa.

"Na san ba kai ka gudu ba," in ji Zakariyya'u. "Amma ita ba na ganinta, kai nake gani." Ya ɗaga wa 'yan wasansa tuta, ya koma cikin fili. Bayan wasu watanni ya turo masa wani ɗan'uwansu da ke bukatar keke, kuma yanzu suna gaisawa, ko da yake hirar ba ta dawo ba.

Yau Gideon na da shekara talatin da 'yan kai. Rumfarsa na nan a Makera, amma samunsa a ciki sai an yi sa'a. Yau yana Kujama, gobe Kafanchan, jibi an kira shi Rigasa. Da walda ta ƙofofi da tagogi yake ci, kekunan kuwa har yanzu na Asabar ne. Bai yi aure ba. Mama Larai ta ce wace mace ce za ta auri mutumin da shayinsa ma a tsaye yake sha.

A bara ciwon gwiwar Mama Asabe ya kai ta ga kasa tafiya. Becky ta sami takardar zama ta wucin gadi, ta shiga koyon aikin jinyar da take so, amma in ta fito ba ta da tabbacin komawa, saboda haka shekara shida ke nan uwa da ɗiya sai ta waya. Ita ce ta kira Gideon, karo na farko tun ranar tasha. Ta ce za ta iya aiko da keke daga can, amma an ce sai da awo. Ya ce ta bar shi, shi zai yi.

Ya je Romi wata Asabar da hantsi. Aka kira Becky ta bidiyo, aka jingina wayar a jikin tulu a baranda don ta gani. Ta yi ƙiba kaɗan, Hausarta ta fara tauri a wasu wurare. Ya durƙusa yana auna ƙugun tsohuwar, ya auna daga gwiwa zuwa dunduniya, yana rubutawa. Mama Asabe na yi masa faɗa wai tef ɗin na yi mata cakulkuli. Da aka shiga da ita ɗaki ta huta, ya zo zai kashe wayar, sai Becky ta ce ya dakata.

"Yaya Gideon, akwai abin da na daɗe ina son tambayarka. Da ka faɗa musu a lokacin, kana ganin da yanzu ina gida?"

Ya naɗe tef ɗin a yatsunsa, ya warware, ya sake naɗewa. Ya ce, "Ban sani ba, Becky. Ni ma na sha tambayar kaina."

"Da ka faɗa, da na tsane ka."

"Na sani."

"Amma da ni ce nake riƙe mata hannu yanzu."

Daga cikin ɗaki Mama Asabe ta ɗaga murya tana tambaya ko keken zai shiga ƙofar coci, don ƙofar gefe ƙarama ce, kuma ita ba za ta yarda a ɗauke ta kamar buhu a gaban jama'a ba. Gideon ya ce bari ya je ya auno ƙofar. Ya yi wa Becky sallama, ya miƙa wa maƙwabciya wayar, ya hau babur ya nufi cocin.